Wuƙar Kofato

Ladi ce ta fara ɗingishi,
makon da ruwan Yuni ya kwana uku a bayan Adenta
har garken Baba Issaka ya koma kunun taki.
Na ce ƙusa ce. Na ce ko fasasshiyar kwalba.
Na ɗaga ƙafar, na tsiyaya mata ruwan buta.

Can baya, inda kofato ya rabu biyu,
ga gyambo ja kamar an tsaga tumatir,
gashi ya miƙe tsaye a gefensa.
Warinsa sai wanda ya sunkuya.

Kafin Juma'a sun zama huɗu.
Saniya mai ciwon ƙafa ba ta jimawa a gaban dusa,
nono kuwa ba ya ƙarya.
Hajiya Memuna mai wagashi a kasuwar Madina
ta leƙa galan, ta dube ni,
ta ƙirga mini sidi kaɗan.

Likita Adjoa ta zo daga Legon da dogon takalmin roba,
ta dangwali gyambon da auduga.
Bayan kwana tara ta miƙo mini waya:
ga su nan, sirara, a murɗe
kamar zaren da ya kuɓuce wa mazari.
Dubu za su kwana a bakin allura.
Ta ce ba sa son iska, ba sa son bushewa,
taɓo ne gidansu.
Na yi dariya. Wannan ne ya durƙusar da Ladi,
wadda ƙarti uku ba sa iya kayar da ita?

Sai ta ce, "Mumuni, ina wuƙar da kake gyara kofato?"
Na zaro ta daga ƙugu da alfahari,
shekara goma sha ɗaya tana hannuna.
"Tsakanin saniya da saniya, kana wanke ta?"

Ban amsa ba.
Kaji na ta tono a gindin mangwaro.

Ashe ni ne turoturonsu,
ina sauke su tasha-tasha, ko kuɗin mota ban karɓa ba.

Yanzu akwai kwami a ƙofar garke, ruwansa shuɗi,
kowace sai ta taka kafin tatsa.
Ina kwashe taki tun kafin kiran assalatu.
Wuƙa tana wanka fiye da ni.

Jiya Ladi ta ajiye ƙafar a ƙasa,
a hankali,
kamar mai gwada zurfin rafi.