Rumbun Maƙwaƙƙwafi

Shekara arba'in ina sassaƙar turmi a Gwaram,
sai bana hannu ya ce ya gaji.
Na jingine gizago bayan ƙyaure,
na koma zama gindin ɗorawar Cindo,
wadda tsawa ta kashe rabinta bara.

Nan na ji shi.
Ƙwaƙ, ƙwaƙ-ƙwaƙ, shiru, ƙwaƙ.
Wani ya ɗauke sana'ata ya hau sama da ita.
Ɗan jan kai, ƙirji toka-toka,
ya tokare da wutsiya, ya rungumi reshe,
yana bugu yana kasa kunne,
yadda nake yi wa gungume
in ji ko cikinsa na da gaskiya.

Kwana sha ɗaya suna haƙa, shi da matarsa.
In ya gaji ta karɓa, ba kira, ba cigiya.
Ba su ɗauko ciyawa ba, ba tsumma,
ɓarɓashin aikinsu shi ne shimfiɗa.
Ƙofar ba ta fi bakin gora ba,
ta ɗan sunkuya don ruwa ya wuce.
Ni sai da na sha ranƙwashin Baba Jatau shekara bakwai
kafin na iya irin wannan zagaye.

Na ce bari in ga rumbunsa.
Kowa da inda yake ɓoye na gobe:
kurege ya binne gyaɗa ya manta,
Tabawa na da tukunyar da ko ni ban san wurinta ba.
Na bi shi da ido har wuya ya ƙage.
Sau ɗaya ya cusa tsutsa a tsagin ɓawo,
ya tafi, kafin la'asar ya dawo ya cinye.
Ajiyarsa ke nan, ba ta kwana.
Ashe ɗorawar ce rumbun,
ruɓarta ce hatsi,
gara na noma masa a ciki.

Ranar Alhamis Cindo ya zo da gatari,
wai makamashi ya yi tsada.
A lokacin ramin ya cika da tsuwwa,
baki uku, ba mai ƙoshi.
Na ce tsaya.
Na mirgino turmina na ƙarshe,
na ƙirya, wanda ban gama goge bakinsa ba.
Ya yi dariya har hula ta faɗi:
turmi guda saboda tsuntsu?
Amma ya ɗauka.

Sun tashi wata Asabar da hantsi, ba sallama.
Yanzu ƙadangare ke leƙe ta ƙofar,
yana gyaɗa kai kamar shi ya gina.

Jiya na sake jin bugun,
can sama da tsohon rami, kamu uku.
Bai ko kalli aikinsa na baya ba.
Na dawo gida da wuri,
Tabawa ta same ni bayan ƙyaure
ina taɓa kaifin gizago da babban yatsa.