Tsinke Biyu

Shekara arba'in da ɗaya ina kwance ƙarƙashin motocin Japan
a garejina na bayan Ƙofar Guga,
baƙin mai na ɗiga mini a gemu.
Na san tarin injinsu, na san shaƙuwarsa,
na san kusoshinsu da laluben yatsa cikin duhu,
amma ban taɓa tambayar me maƙeransu ke ci da dare ba.

Barira ce ta karɓi albashin fari,
ta ce, "Baba, sa babbar riga, yau ni zan biya."
Muka hau napep zuwa wajen Ƙofar Ƙaura,
wani shago mai jan ƙyalle a bakin ƙofa
da rubutu kamar sawun kaza a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Mai girkin ba baƙo ba ne, ɗan Rimi ne, Shitu,
ya je can karatun lantarki, ya dawo da tukunya.
Na ja shi gefe, na yi ƙasa da murya:
"Ɗana, wace dabba ce a ciki?"
Ya yi dariya. "Ƙashin sa ne, Baba, da kaza,
yankan mahautan garin nan.
Tun asubar jiya yake kan wuta."

Kwano ya iso yana turiri.
Taliya ta nutse cikin romo har wuya,
rabin ƙwai, gwaiduwar ba ta gama shawarar dahuwa ba,
lawashin albasa, yankan nama biyu,
da wani baƙin ganye kamar takardar kabon,
wai daga teku,
ni da babban ruwan da na sani bai wuce dam ɗin Ajiwa ba.

Sai aka miƙo mini tsinke biyu.
Hannun da ke ciro noti daga maƙogwaron inji
ya kasa kama zare ɗaya na taliya.
Na matse, ta sulale. Na sake, ta zille,
ta faɗa romo, ta buga mini tambari a gaban riga.
Barira ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.
"Riƙe kamar alƙalami," in ji ta.
Na ce yarinya, da na iya alƙalami ai da ban zama bakanike ba.
Na riƙe kamar filaya. Ta kamu.

A teburin gefe samari na zuƙa, fuut, fuut,
abin da uwata za ta ɗauko mini muciya a kansa.
Wai a can haka ake gode wa mai tukunya.
Na duba hagu, na duba dama, na zuƙa.

To, nan abin ya same ni.
Ba gishirin ba, ba ɗumin da ya sauka har ƙirji ba.
Tsakar gidanmu na gani da hantsi,
Kulu na murza injin taliya bisa kifaffen turmi,
zarurruka rataye a igiyar shanya,
tana korar akuya da ƙafa,
mu ci bayan masallacin Juma'a da manja da yaji, da hannu.
Shekara shida ke nan igiyar ba ta ɗauki komai ba sai wanki.

Barira ta ce, "Yajin ne, Baba?"
Na ce yajin ne.
Babu yaji a kwanon. Ta sani, ta ƙyale ni.

Na ajiye tsinken, na ɗaga kwano da hannu biyu
kamar ƙwaryar fura, na shanye har gindi.
Kuɗin da ta ƙirga sun kai na canjin birki,
na buɗe baki, ta yi mini hararar uwarta, na rufe.

A hanya na ce, "Injin nan yana ƙarƙashin gado fa,
tsatsa ce kawai, da ɗan mai zai tashi."
Ta ce, "Ni ban iya kwaɓin ba."
Na ce ni ma.
Gobe dai a sayo fulawa mudu ɗaya.