Ɗan Jirgin Ruwa a Kusurwar Allo

Shagona na gindin tudu a Valparaíso,
inda tsohon keken ƙarfe ke hawa da mutane yana nishi.
Ran Talata, ana yayyafi,
Doña Eduviges ta shigo rungume da kwamfuta
naɗe cikin tawul, kamar jinjirin da aka ɗauko daga wanka.

Ta ce, "Nibaldo, banki ya ce wai ni na tura kuɗin.
Ni da ko waya sai jikata ta buɗe min."

Na kunna. Fanka ta yi tari.
Burauza ta buɗe ido,
sai ga su jere a sama kamar tsuntsayen teku kan igiya:
'yan ƙananan manhajoji goma sha ɗaya,
wannan tafinta, wancan mafarautin rangwame,
ɗaya na kunna bidiyo, shekara shida ba wanda ya ɗinke masa ɓaraka,
kuma kowannensu riƙe da makullin gidan.

"Wa ya saukar da baƙin nan?"
"Marigayi Baltasar.
Bai iya cewa a'a ba, ko ga mai talla,
balle akwatin da ya ce masa danna nan."

Can kusurwa akwai ɗan jirgin ruwa shuɗi
mai faɗin sa'ar da teku zai cika da sa'ar da zai janye.
Shekara arba'in Baltasar na jefa koma;
da gwiwa ta ƙi, sai ya koma duban ruwa ta allo.

Wani ɗalibi ne ya ƙera jirgin, da zuciya ɗaya.
Ya gaji, ya sayar.
Mai saye bai taɓa fentin ba,
matuƙi kawai ya sauya.
Tun ranar, duk harafin da yatsanta ya taɓa,
lambar kati, kalmar sirri, wasiƙar ƙanwarta,
jirgin kan yi lodi, ya ƙetare da shi cikin dare.

An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
Wannan bai nemi tsaga ba.
Ƙofa ya ƙwanƙwasa, aka ba shi kujera.

Goma na kora, ba ta ce uffan ba.
Da linzami ya doshi na sha ɗaya
sai ta dafa min hannu. Tafinta sanyi ƙalau.
"Kullum safiya ina duba shi.
Ba don zan je ruwa ba."

Ina da jawabin da na saba yi:
riga-kafi ya fi magani, abin da ba ki amfani da shi cire shi,
duba izinin da baƙo ke nema kafin ki ce to.
Na haɗiye shi.
Na ciro kalandar masunta daga ƙusa,
ta takarda, mai tabon kofi a watan Yuni,
cikar teku da janyewarsa duk a rubuce.
Na ce, "Wannan ba ta da kunne."

Ta daɗe tana kallon jirgin.
Sannan ta ja linzamin, da kanta ta danna.

Sauran aikin yamma ne:
muka sabunta burauza, muka sabunta injin,
muka kira banki aka toshe kati.
Kalmar sirrinta ta ko'ina sunansa ce da shekarar aurensu.
Muka yi sababbi, dogaye, munana,
ta rubuta su a littafin da take rubuta girki,
ƙarƙashin miyar kifi.

Kuɗin, ban sani ba ko za su dawo.
Ban yi mata alkawari ba.

Ta naɗe kwamfuta, ta cusa kalanda a hammata.
Daga bakin ƙofa ta leƙa takardar, ta leƙa tashar jiragen ruwa,
ta ce, "Biyar da kwata zai cika."

Biyar da kwata na fita na duba.
Ya cika.