Ƙarƙashin Ƙafafun Babana

Kwana uku ke nan ina kwance rigingine
a ramin da ke ƙarƙashin gidanmu na Duluth,
fitila ɗaure a goshi, garin katako a haƙora,
tsakanin hancina da daɓe bai fi kamu ɗaya ba.
A waje, tabki ya daskare har inda ido ya gaji.
A sama, babana, Torvald Nygaard, yana jan silifa
daga kujera zuwa taga, daga taga zuwa kujera.
Ban taɓa jin tafiyarsa ta ƙasa ba sai yanzu:
ƙafar hagu ta riga, ta dama tana roƙon a jira ta.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a jirgin dakon tama,
sanyin ƙarfe ya shige shi ta tafin ƙafa, bai fita ba.
Safa uku yake sawa.
Bai ce sanyi ba. Ba ya cewa komai.

Na fara da ƙusoshi.
Waɗanda kakana ya buga ta sama sun leƙo ta nan,
ɗari da wani abu, kowace da bakinta,
jira suke tiyo ya zo su huda shi.
Na bi su ɗaya-ɗaya na gutsure.

Sannan farantan alminiyam, sirara, masu tsagi a tsakiya,
bibbiyu a kowane layi tsakanin azara da azara.
Solvei mai shagon famfo ta ja mini kunne:
"Runa, ki matse su su kwanta lif da katako.
Inda iska ta samu wuri, zafi ba ya ƙetarewa.
Tiyo shi kaɗai rowa gare shi,
siririn layi zai ɗumama ya bar saura;
faranti ne ke karɓa ya raba."
Na ce to. Na tuna mamata, ban faɗa ba.
Tun da ta rasu, ni da shi
muna wuce juna a falo kamar ruwa a bututu biyu.

Jan tiyon ya zo a naɗe, mai taurin kai,
in na miƙe shi nan, ya murɗe can.
Sau biyu ya karye a kwana, sau biyu na yanke,
na zagi wanda ya ƙera shi har da kakanninsa.
Ta sama aka buga sanda: ƙwan, ƙwan.
"Ina jin ki," in ji shi.
Maganarsa mafi tsawo ke nan tun Lahadi.

Da gudumar roba na lallaɓa shi cikin tsagi,
taku-taku, kamar mai kwantar da yaro mai rigima.
Na cusa audugar gilashi a ƙarƙashi
don kada ɗumin ya sauko ya yi wa ɓeraye hidima.
Wuyana ya ƙage. Hannuna ya yi ƙaiƙayi har gwiwa.

Daren Alhamis na buɗe ruwa.
Iska ta fita tana tari, famfo ya ɗauki gurnani,
farantai suka fara ƙas, ƙas, suna miƙa.
Ba a ganin komai. Ba wuta, ba hayaƙi.
Na zauna a matakala ina zargin kaina.

Kyanwa ce ta fara sani.
Ta sauko daga kan firij, inda ta yi hijira tun kaka,
ta baje a tsakar ɗaki kamar an zubar da ita.

Da asuba na same shi tsaye bakin taga,
safa shida a kan kujera,
yatsunsa farare, a buɗe, a kan katakon kakana.
Bai juyo ba.
Ya ce, "Kin bar fitila a kunne a ƙasa."
Na ce na sani.
Ya matsa kaɗan, ya bar mini wurin tsayawa.