Rabin Kilo

Sajan Gwadabe ya shimfiɗa tsumma a kan tebur,
ya jera su biyu, kamar mai tallar wuƙaƙe a Kurmi.
Fanka tana juyi da ƙyar a ofishin Bompai.
Ya ce, “Zaɓi, Sammani. Na sa hannu, saura kai.”

Kwana tara zan yi a ƙafa,
daga Tudun Wada in ratsa Falgore in ɓulla Riruwai,
ina ƙidayar itatuwan da masu gawayi suka raga mana.
Jakata tana can Gwammaja,
jiya na ɗora ta a sikelin mai shinkafa:
kilo goma sha huɗu.
Gari, ƙuli-ƙuli, gorar ruwa, gidan sauro,
tocila, buta, littafin aiki,
ban da abin da zai rataya a ƙugu.

Babbar libarbar ta girme ni.
Hannun mutane ya cinye mariƙinta har ya yi santsi.
Sajan ya ce, “Wannan in ta yi tari,
gyadon da ke bayan dutse ya san an yi magana.
Amma rana ta uku
za ka ji ta a kwankwaso kamar bashi.”

Ƙaramar kuwa ta kwanta a tafina
kamar ɗan tsakon da aka ɗauko daga akurki.
Na yi murmushi. Sajan bai yi ba.
“Kar sanyin jikinta ya ruɗe ka.
Alfadari ce, da baya take shuri,
sai ta fara dukan mai ita
kafin ta isa inda ya aike ta.”

Na ɗaga wannan, na ɗaga waccan.
Na tuna hawan Riruwai da gwiwata ta hagu,
na tuna daren bara
da wani abu ya taka busasshen ganye kusa da ni
har asuba ban san ko mene ne ba.
Tsoro na daji, kunya ta gida,
ga ni a tsakiyar Kano ina auna su biyun.

Na ɗauki ƙaramar.

Ya ƙirga mini harsashi shida a kan tsumma,
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ba da canji.
“Shekara ashirin da bakwai ina wannan ɗaki.
Ba gwanin harbi nake so ba,
wanda ya dawo mini da shida nake so.”

Da magariba na isa gida.
Na faɗa wa Barira na rage wa kaina rabin kilo.
Ba ta ce komai ba.
Da na fito daga masallaci
na tarar ta buɗe jakar,
ta cusa kilishi da dabino a gefen gidan sauro.

Na sake ɗagawa.
Nauyin yana nan yadda yake.