Abin da Jinin Ilu Ya Faɗa

An kawo shi daga Harbo a bayan kurkura,
Ilu mai haƙar rijiya.
Igiya ce ta tsinke da hantsi,
guga cike da jar laka
ya sauko gaba goma sha biyu, ya sami tsakar kansa.

Ya suma, ya farfaɗo, ya nemi hularsa.
Ga shi yanzu kan benci yana ba 'yan jinya dariya:
"Ni da ƙasa ta rufta mini sau biyu,
guga ne zai kwantar da ni?"
Ba tsaga, ba jini a waje,
sai ƙululu kamar ƙwan zabuwa.

Likita ta haska idonsa, ta ce ƙirga yatsuna. Ya ƙirga.
Yau wace rana? Laraba. Daidai.
Ta yi shiru, ta rubuta 'yar takarda,
ta turo mini.

Ni ne na ɗakin ƙarshe a asibitin Jahun,
bayan famfon da ya daina kawo ruwa.
Na'urar da ke leƙa cikin kai tana Kano.
Nawa kayan: allura, gilashi, madubin ƙara girma,
da agogon bango mai gaba da minti huɗu.

Kai ƙwarya ce a kife,
amma jini ɗan aike ne, ba lungun da bai shiga ba,
kuma bai iya riƙe sirri ba.
Na shafa ɗigo, na rina, na sa ido.

Fararen ƙwayoyi nake ƙirgawa.
Akwai masu gaggawa, masu ciki ƙulli-ƙulli,
su ne ke fara fita da bokiti in an yi ihun gobara.
Akwai masu zagaye, dattawa,
da ba sa tashi sai an san wanda ya kunna.
Cikin ɗari, masu gaggawa tamanin da tara.
Dattawa bakwai.
Na sake lissafi daga wancan gefen.
Bakwai ɗin dai.

Bayan isha na sake ɗiba.
Sinadarin kumburi da hanta ke zubarwa
ya hau, kamar ruwan fadama a Agusta,
ba ƙara, ba kumfa.

Ɗansa Sabi'u ya tare ni a ƙofa:
"Malam, kan ka gani, ko jinin?"
Na ce jinin.
Ruɓaɓɓen haƙori ma kan tayar da shi, maruru ma,
ko firgicin faɗuwar kaɗai.
Ni hayaƙi na hango, ban ga ɗakin da ke ci ba.
"Kan hayaƙi zan sayar da buhun riɗi uku?"
Ban amsa ba. Ba ni na noma ba.

Ilu ne ya kira ni, muryarsa ta fara nauyi.
Ya yi amai sau ɗaya, ya ce ƙosan ne.
Na zauna gefensa, na ce, Baba,
in kana ƙasan rami, ta yaya kake sanin ruwa ya kusa?
Ya ce, "Ƙasa kan yi sanyi a tafin hannu.
Ba ka ganinsa tukuna."
Na ce, kakan jira sai ka gan shi?
Ya daɗe yana kallon silin.
"Wanda ya jira, a ciki ake tsamo shi."

Likita ta sa hannu a takardar tura su.
Ƙarfe goma saura, motar haya mai fitila ɗaya
ta ɗauki hanyar Kano.

Na wanke gilashin, shuɗi-shuɗi ya bi ruwan buta.
Da zan kulle, na ga hularsa a benci,
laka ta bushe a kanta.
Na ajiye ta saman firiji, kusa da littafin rajista,
inda na rubuta tamanin da tara, bakwai,
na bar layin ƙarshe ba komai.