Tsufan Aro

A shagona na Kasuwar Barci
tsufa nake sayarwa, ɗari biyar kowane hoto.
'Yan makaranta su zo da fuska sabuwa fil,
su ce, "Gambo, mai da mu zamanin kakanni."
In zuba musu launin ruwan shayi a kwamfuta,
in yayyafa ɗigo kamar tsakin gero,
in ci gefen da kyankyaso bai ci ba.
Shekara arba'in, kafin janareta ya yi tari.
Su yi dariya, su tura wa duniya, su wuce.

Wata Laraba ana yayyafi
Iya Kande ta shigo, takalminta a hannu.
Ta kwance bakin zane, ba kuɗi ta ciro ba,
waya ce, gilashinta ya tsage gida uku.
"Ga ɗana Shekarau, ranar ƙaramar Sallah.
Tsufar mini da shi."

Na ce, "Iya, gaggawar me? Ai tsufa na tafe."
Ta ce, "Ba shi nake nema ba.
Ubansa sau ɗaya ya taɓa tsayawa hoto,
a ƙofar masaƙa, Kakuri, ranar albashi.
Shekarar da kogi ya shigo mana har ɗaki
ya tafi da akwatin, da hoton, da tabarma.
Yaron nan kuwa, kamar an tsaga kara."

Sai na gyara zama.
Na goge Keke Napep ɗin da ke bayansa,
na tuge dogon ƙarfen sabis,
na faɗaɗa kwalar riga, na dasa gashin baki,
na rage haske har rana ta koma irin ta da.

Tana tsaye, numfashinta a kafaɗata.
"Hular ta karkata hagu. Ƙara. Yauwa.
Ba ya yawan murmushi, rufe haƙoran.
Ka manta tabo. Ƙarfen inji ya sare shi
nan, saman gira."
Yatsanta ya bar danshi a kan allo.
Ni da nake zana tabon ƙarya kullum,
hannuna ya yi rawa a kan na gaske.

Firinta ta tofo shi da ɗumi kamar gurasa.
Ta riƙe shi nesa, ta kawo shi kusa,
ta daɗe.
"Kunnen ba nasa ba ne," ta ce. "Nawa ne.
Bar shi haka."

Ta ajiye ɗari biyar, na tura, ta turo.
Ta naɗe shi a leda biyu saboda ruwa,
ta soke a ƙirji, ta fita neman mota.

Hoton na nan a kwamfuta, ban sa masa suna ba,
don ban tambayi sunan mutumin ba.
Duk sanda aka kawo wuta na kunna,
sai mu haɗa ido da shi,
wanda ba a haifa ba, bai kuma mutu ba,
da hularsa a karkace,
yana jiran a biya albashi.